Yadda Ake Haɗa Abin Hannu Na Duwatsu A Gida

Uwargida, duwatsun adon nan masu ƙyalli yawancinsu gilashi ne. Bakin hujinsu yana da kaifi, yana cin zaren ɗinki. Shi ya sa abin hannu kan tsinke ana tsakiyar biki. Ki nemi zaren roba mai talewa wurin 'yan koli.

Ki auna wuyan hannunki da zaren, ki ƙara tsawon yatsa biyu saboda ƙulli. Ki zuba duwatsun a faranti, ki riƙa zura su: babba ɗaya, ƙanana biyu. Ki ƙulla sau uku, ki ja sosai, ki tura ƙullin cikin hujin babban dutse.

Kada ki bar ragowar a tabarma. Yaro mai rarrafe yana iya haɗiyewa ya shaƙe.