Sabunta Haya Ko Jiran Sabon Gida: Abin Da Ya Kamata Ɗan Haya Ya Sani

Unguwannin da ke kewaye da Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano sun daɗe da zama matattarar 'yan haya. Fagge masaukin fatake ce tun zamanin ayarin raƙuma, kuma bayan isowar layin dogo a 1911 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi. Har yau kusancinsu da Kantin Kwari, Singa, Wapa da kasuwar Sabon Gari ya sa ɗaki ba ya daɗewa babu kowa. Shi ya sa wanda hayarsa ta kusa ƙarewa, alhali gidan da aka yi masa alkawari bai samu ba tukuna, yakan shiga tsaka mai wuya.

Tushen matsalar shi ne yadda ake biyan haya. A Kano galibi kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya tun farko. Idan mutum ya sabunta, sannan sabon gida ya faɗo bayan wata biyu, kuɗin wata goma ya maƙale, domin ba dole ba ne mai gida ya mayar sai in an rubuta haka. Idan kuma ya ƙi sabuntawa, sabon gidan ya ƙi samuwa, ya saki reshe ya kama ganye, ga iyali ga kaya.

Abu na farko shi ne auna ƙarfin alkawarin da ake jira. Maganar dillali ita kaɗai ba gida ba ce. Ana duba abu uku: ko an ga mai gidan ko wakilinsa ido da ido, ko wanda ke ciki ya fita da gaske, ko gyaran da ake cewa ya saura ya kammala. Gidan da tsohon ɗan haya bai kwashe kayansa ba yana iya ɗaukar watanni, musamman in magana ta kai kotu. Akwai kuma 'yan damfara da ke karɓar kafin alƙalami daga mutum uku ko huɗu a kan ɗaki ɗaya. Saboda haka ba a biyan kuɗi sai da rasit mai sa hannu da shaidu, kuma tambayar mai unguwa da maƙwabta game da mamallakin gida ba ɓata lokaci ba ne.

Na biyu, sanin matsayin doka. Dokokin karɓar gida a jihohin Najeriya da dama sun tanadi cewa, in takardar yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai hayar wata-wata ana ba shi notis na wata ɗaya, mai hayar shekara-shekara kuma wata shida. Amma hayar da aka yanka mata ranar ƙarewa a rubuce tana ƙarewa da kanta a wannan rana. Daga nan mai gida yakan ba da takardar kwana 7 ta niyyar karɓar gidansa, sannan ya tafi kotu. Ba shi da ikon kwashe rufi, ko garƙame ƙofa, ko watso kaya waje da kansa. Sai dai wannan kariya ba zaman kyauta ba ce: duk kwanakin da aka ƙara bayan wa'adi bashi ne da kotu kan sa a biya.

Fiƙihun Malikiyya ma ya bambanta haya iri biyu. Akwai wajiba, wato wadda aka ƙayyade mata wa'adi, kuma ta hau kan kowane ɓangare har ƙarshensa. Akwai mushahara, wato kowane wata kaza ba tare da iyaka ba, inda kowa ke da damar janyewa, ban da tsawon lokacin da aka riga aka biya kuɗinsa. Mai jiran wani gida, irin ta biyun ce ta fi dacewa da shi.

Daga nan mafita take fitowa: neman ƙarin gajeren wa'adi. Tun saura wata biyu ko uku ake zuwa wurin mai gida a gaya masa gaskiya, a nemi ƙarin wata uku, ko zama na wata-wata. Alal misali, hayar naira 600,000 a shekara ta kama 50,000 a wata. Ko mai gida ya ɗora 10,000 a kan kowane wata, ƙarin 30,000 ne a wata uku, wanda bai kai asarar 500,000 na wata goma ba. In ya dage sai shekara, a nemi a rubuta cewa zai mayar da ragowar kuɗin da zarar ya sami wani ɗan haya, ko ya yarda a kawo masa wanda zai gaji hayar. Sanya wani a ɗaki ba da sanin mai gida ba kuwa yana iya zama saɓa alkawari.

A lissafin tashi ana haɗa la'adar dillali, wadda sau da yawa kashi 10 cikin ɗari ce, da kuɗin takarda, da motar kwasar kaya, da kuɗin mota zuwa kasuwa ko makarantar yara. Ana bincika bashin wutar KEDCO da ke kan mitar sabon gidan, da inda ake samun ruwa, da yadda rufi da magudana suke a damina.

Ranar fita daga tsohon gida ana sa ta ne bayan mabuɗin sabo ya shiga hannu. A ranar a zagaya ɗakunan tare da mai gida, a nuna masa rasit na wuta, a miƙa mabuɗi gaban shaida, a karɓi takardar cewa babu sauran bashi.