Goro da Fure, ko Shayi da Sigari?

Mashaya a Turai suna da wata ƙa'ida: ƙatuwar tabar nan ta Kuba da ake naɗewa da ganye ba ta tafiya da giya mai tsululu, sai baƙa mai ɗaci irin Guinness, don kada ɗaya ta danne ɗaya. A Gaya da Ajingi giya ba ta da wurin zama. Da ma can ba abin mutunci ba ce, balle bayan Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kuma kafa hukumar Hisba a 2003. Amma dabarar haɗa mai ƙarfi da mai ƙarfi, wannan kam mutanen nan ba sa buƙatar malami.

Tsohon haɗin shi ne goro da taba. Duk motar da ta taso daga Kano zuwa Gaya sai ta ratsa kasuwar goro ta Mariri kafin ta haye gadar Wudil, kuma a nan ake sauke huhunan da suka fito daga ƙasar Yarbawa da Gana, kayan da fataken Gwanja suka daɗe suna kawowa a bayan jakuna. Dubi yadda tsohuwa take yi. Ta kwance tsumma mai laima, ta zaɓi daushe, don shi ne ya kwana biyu har ruwansa ya tsane. Ta ɓara, ta gutsura, ta tauna har ɗacin ya kama harshe, sannan ta ɗauki furen taba ta yi ta goga wa haƙora sai sun yi jajir. Tsofaffin maza su kuma garin taba suke haɗawa da kanwa a batta. Bayan an gama, a kurɓi ruwan randa, sai ka ji kamar an jefa masa sukari.

Shayi da sigari baƙo ne. Wajen Buzaye masu gadi matasa suka koyi tafasa ganyen shayi ɗan ƙasar Sin a ƙaramar buta kan gawayi, a yi ta ɗaga hannu ana tsiyayawa har kumfa ta tashi. Dafawa uku ake yi. Ta farko ce mai kauri da ɗaci, ita kaɗai ke iya tsayawa da hayaƙi. Ta uku ruwan zaƙi ce, sigari na shiga sai ta ɓace. Kara ɗaya ake saya wajen mai tireda, duk da dokar taba ta 2015 ta hana sayarwa kara-kara, ta kuma hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Inda goro da sigari suka rabu da gaske shi ne gaban mutane. Goro ɓarawa ake yi a miƙa wa dattijo, da shi ake ɗaura aure, da shi ake raɗa suna, manomi ma ya jefa a aljihu ya kashe yunwar hantsi. Sigari kuwa, da an hango babba ya doso majalisa sai a dunƙule shi a tafin hannu a kai baya. Hayaƙinsa kuma har wanda bai saya ba sai ya shaƙa.

Kada dai a wanke tsohon haɗin tas. Jan yawun da ke jikin katangu aikinsa ne, kuma garin tabar da ake cusawa a leɓe yana jawo cutar dajin baki, kamar yadda sigari ke cin huhu.

Ni dai goro na ba gaskiya, musamman daushe da ruwan sanyi. Shayin Buzaye ma a zubo mini dafawar farko, amma a bar wa mai tireda karansa.