Kura da Shan Bugu

A duk dabbobin da ke yawo cikin tatsuniyoyinmu babu wadda aka raina kamar kura. Gizo ya yaudare ta, zomo ya yi mata wayo, kwaɗayi ya kai ta ya baro, ta ƙare da shan duka, yara su kwashe da dariya. Karin magana ma bai raga mata ba. In an damƙa amana a hannun maci amana, sai a ce an ba kura ajiyar nama. Mai ba da shawarar da shi kansa ya kasa bi kuwa, a ce da kura na maganin zawo da ta yi wa kanta.

Kurar daji, mai dabbare-dabbaren nan da ake samu har a Yankari, ba haka take ba. Mafarauciya ce, a wurare da yawa galibin abin da take ci ita ta kama da kanta, zaki ne ma kan zo ya ƙwace. Muƙamuƙinta na fasa ƙashi, cikinta ya narkar da shi, shi ya sa kashinta ke bushewa fari fat. A garkensu mace ce ke gaba, ta fi namiji girma da faɗa a ji.

Wajen reno kuwa samun irinta sai an tona. Cikinta kwana 110 ne ko kusa da haka, ta haifi ɗa ɗaya ko biyu, ido a buɗe, haƙora sun riga sun fito. Ƴaƴan sukan ɓuya can cikin rami mai ƙunci wanda ita kanta ba ta iya shiga, balle zaki. In ta dawo daga farauta sai ta kwanta a bakin ramin, ta yi musu kira ƙasa-ƙasa, su fito su kama nono. Haka take shayarwa har fiye da shekara.

Dariyar nan tata ma ba ta farin ciki ba ce. Kura kan yi ta ne in wadda ta fi ta ƙarfi ta taso mata, ko ana ƙoƙarin ƙwace abin da ke bakinta. Kuka ne na firgici, kunnenmu ne ke jin dariya.

Duk wanda ya taɓa ganin gardi ya shigo kasuwa da kura ya san sauran zancen: takunkumi a baki, sarƙa a wuya, yara na biye suna ihu, wani har ya ɗauki dutse. A wurin nan ne wani daga cikin magabata ya dubi dabbar da kyau ya ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni a ganina wannan magana ta fi duk sauran daraja, domin mai maganar ya iya jin ciwon wadda kowa ya tsana.

Irin wannan ido ake so yaro ya samu, kuma tatsuniya ce hanya mafi sauƙi. Ba sai an sauya labarin ba, Gizo ya ci gaba da wayonsa. Abin da ya rage shi ne tambaya. Yaron da ya gane dariyar kura tsoro ce, gobe in ya ga ɗan ajinsu da ake tsokana yana yaƙe, zai san ba daɗi yake ji ba.

Iyaye, kakanni da malaman firamare, in kun kai inda aka lakaɗa wa kura duka, ku dakata kafin kurunƙus. Ku tambayi yaran: ya kuke jin kura ta ji? Su wa ke jiran ta a rami da yunwa? Sannan ku yi haƙuri ku saurari amsarsu.