Fitowar Rana Cikin Hazo

Yau daga nan Tofa za mu leƙa bakin teku, amma tukuna mu tsaya a gida.

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa gona lokacin hunturu ya san yadda hazo ke yi wa gari. Kuka ta zama inuwa, rumbu ya zama dunƙule, mai keke ya ɓullo gabanka kamar daga ƙasa ya tsiro. Can sai ga rana, ja wur kamar garwashi, har ka iya zuba mata ido ba ta kashe maka shi ba. In kuwa ka taɓa kwana a Bagwai ka ga masunta sun tura kwale-kwale cikin dam ɗin Watari da asuba, to ka riga ka ga rabin zanen da za mu yi magana a kai.

A shekarar 1872 wani Bafaranshe mai zane, Claude Monet, ya leƙa ta tagar masaukinsa a Le Havre, garin da ya tashi, ya zana tashar jiragen ruwa da sassafe. Zanen ɗan ƙarami ne, faɗinsa santimita 63, tsayinsa 48. Ƙananan jirage a gaba, mutanen cikinsu ɗigon baƙi kawai. Can baya, manyan jirage da bututun hayaƙi sun narke cikin shuɗi da toka-toka. Hasken rana a kan ruwa kuwa, 'yan shafe-shafen jan fenti ne, kai ka ce yaro ne ya goga yatsa.

Da aka baje shi a Paris a 1874, wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya yi masa ba'a a jaridar Le Charivari, yana ganin aikin ko kammaluwa bai yi ba. Daga kalmar Impression da ke cikin sunan zanen ya laƙaba wa Monet da abokansa laƙabin Impressionist, wato masu zana abin da ido ya fara kamawa. Su kuma suka karɓi sunan suka rataya.

Ni dai ina ganin Leroy bai taɓa fita cikin hazo ba. Ido ba ya ƙirga igiyoyin jirgi a irin wannan safiya, kuma Monet ya ƙi zana abin da bai gani ba. Ga wani abin mamaki: in aka ɗauki hoton zanen baƙi da fari, ranar nan kusan ɓacewa take, domin haskenta daidai yake da na sararin da ke kewaye da ita. Launi kaɗai ya fito da ita.

A 1985 'yan fashi ɗauke da bindigogi suka sace zanen da rana tsaka daga gidan tarihi na Marmottan. Sai a 1990 aka gano shi a tsibirin Corsica, aka maido shi Paris, yana can rataye.