Yadda na cire wa ƙaramar tarakta injin fetur na sa mata na gas

Yau hirar tamu ta sifana ce da baƙin mai, don haka wanda ya sa fararen kaya ya ɗan matsa gefe.

A lambun kawuna akwai wata ƙaramar tarakta, irin wadda a Amurka ake yanke ciyawar gida da ita, a ja 'yar tirela, a ture ƙanƙara lokacin sanyi. Tokumbo ce, kuma ta girme ni. Mu aikinta a wajenmu shi ne jan taki da jarkokin ruwa da kwandunan tumatir daga cikin lambu zuwa bakin titi. Bara, ana tsakiyar ɗibar tumatir, injinta na fetur mai ƙarfin doki 12 ya buga. Kullum sai mun biya masu baro, ribar tana zurarewa. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai da kake wuni kana karance-karance a waya, yau sai ka nuna mana amfaninsu." Kun ji yadda aka jefa ni ciki.

Na yanke shawarar sa mata injin dizal, wanda mu a nan muke ce wa injin gas. Ba gas na girki nake nufi ba, kar wani ya je ya ɗauko tukunya.

Bari in fara da bambancin injinan biyu, domin kusan duk wahalar da na sha daga nan ta taso. Injin fetur yana haɗa mai da iska a kafireta, fistin ya matse su kamar sau takwas, sai fulogi ya ba da tartsatsi su kama. Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi, ba shi da kafireta. Iska zalla yake zuƙa, ya matse ta wajen sau ashirin har zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Wannan matsi shi ya sa yake shan mai kaɗan kuma yake da naci in an ɗora masa kaya. Shi ne kuma ya sa yake da nauyi, da ƙara, da jijjiga. Sunan dizal ɗin ma na mutum ne, Rudolf Diesel, Bajamushen da injinsa ya yi aiki sosai a 1897. Kamfanin Yanmar na Japan ne ya fito da ƙaramin samfurinsa a 1933, kuma a shekarun 1980 John Deere ya sayar da irin waɗannan ƙananan taraktocin da injin Yanmar a cikinsu tun daga masana'anta. Ashe abin da zan yi ba baƙo ba ne.

Ɗaya daga cikin injinan da ake yin wannan aikin da su shi ne 186F na China, kwaikwayon Yanmar L100. Lambar tana da ma'ana: 1 silinda ɗaya ce, 86 faɗin silindar a milimita, F kuma iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto. Ƙarfinsa wajen doki 10 ne, nauyinsa ya kusa kilo 50. Doki 10 bai kai 12 ba, amma wajen jan kaya a hankali ban ji ya gaza ba.

To, kafin ka fitar da ko sisi, durƙusa ka leƙa sandar injinka, wato shaf ɗin da fuli yake kai. A kwance take ko a tsaye? Yawancin marasa nauyi da aka yi don yankan ciyawa kawai, sandarsu ƙasa take kallo. Injin gas mai irin wannan sandar yana da wuyar samu, kuma ba za ka kifa na kwance ka ce ya zama na tsaye ba, domin baƙin mansa zai bar inda famfo ke tsotsarsa, injin ya ƙone. In taka ta tsaye ce, gaskiya ka nemi wani injin fetur ka huta. Tamu ta kwance ce, na yi hamdala.

A nan na tafka kuskuren farko. Na samu injin da aka cire daga janareto, da araha, ina ta murna. Da na kai gida sai fuli ya ƙi zama. Ashe sandar injin janareto tsukakkiya ce, tana sirancewa zuwa baki, an yi ta ne don kan janareto kaɗai. Abin da ake buƙata miƙaƙƙiyar sanda ce mai tsagar da ake sa ɗan ƙarfen da ke riƙe fuli. Sai da na yi kwana uku ina zarya kafin mai shagon ya yarda ya canza min, da ciko a kai. Ka tafi kasuwa da tsohon fulinka a hannu. Wata sandar inci ɗaya ce, wata milimita 25, bambancin bai kai rabin milimita ba, amma ya isa ya hana fuli shiga ko ya sa shi rawa. Ka kuma duba ɓangaren da sandar take juyawa, ya zama daidai da na tsohon.

Sai lissafin gudu. Ƙananan injinan fetur kan yi juyi 3600 a minti ɗaya. Na gas akwai mai 3600, akwai wanda aka saita a 3000. In mai 3000 ka samu, ka bar fulin yadda yake, taraktar za ta rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunta. Raba 3600 da 3000, ka samu 1.2. Ke nan fulin injin mai faɗin santimita 10 sai ya koma mai 12, bel ma a ƙara masa tsawo.

Wajen ɗaurawa, ramukan noti ba su dace ba ko ɗaya. Mai walda ya yanko faranti mai kauri, muka ɗaure shi a jikin shasi, muka huda sababbin ramuka. Abin da ya ci mana lokaci shi ne saita fulin injin ya yi layi ɗaya da na giya. In ya karkace ko kaɗan, bel zai riƙa tsalle yana cinyewa. Da zare da miƙaƙƙen ƙarfe muka auna. Injin ya fi tsohon tsayi, murfin gaba ya ƙi rufuwa sai da muka yanke shi, salansa kuma muka juya ta gefe. Kyau dai ya tafi. Kuma silinda ɗaya ta gas tana jijjiga kamar injin niƙa: a makon farko notuna biyu suka kwance, fitila ta faɗo. Yanzu kowane noti da wosha mai kulle shi.

Harkar mai tana son tsafta. Fulanja da nozul ba sa jure datti ko ɗigon ruwa, don haka filta dole ce, kuma man da aka saya a jarka a tace shi. Tiyo biyu ne, ɗaya na kai mai, ɗaya na dawo da ragowar daga nozul zuwa tanki. Ni na bar tankin da ya zo a kan injin, na huta da wannan. Kar ka bari mai ya ƙare ƙaf, domin in iska ta shiga layin sai ka sassauta noti ka fitar da ita kafin ya tashi. Batir ma ya ƙara girma, saboda matsin yana wahalar da sitata. Akwai ɗan hannun da ake dannawa ya sauke matsin lokacin tayarwa, ka san inda yake.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe ko da kun manta sauran. Ranar gwaji, ina tafe a giya ta ɗaya, sai na ga igiyar tirela tana ja a ƙasa. Na miƙe daga kujera kamar yadda na saba, domin a da ina tashi injin ke mutuwa. Bai mutu ba. Na murɗa makulli, ko gezau. Taraktar ta ci gaba abinta har ta tokari bishiyar mangwaro, ga ƙaramin ɗan kawu yana wasa bai fi taku biyar daga wajen ba. Jikina ya daɗe yana rawa.

Dalilin mai sauƙi ne. Injin fetur ana kashe shi ne ta hanyar hana fulogi wuta, kuma makulli da makunnin da ke ƙarƙashin kujera duk wannan aikin suke yi. Injin gas ba ruwansa da wuta in ya riga ya tashi, sai an yanke masa mai. Maganin shi ne ɗan bawul mai aiki da lantarki a bakin famfon mai, wanda ke buɗewa in ya samu wutar batir, ya rufe in ta ɗauke. Sai a bi da wayarsa ta makulli da makunnin kujera. A lura, tsohon makunnin haɗa waya yake yi in ka tashi, sabon tsarin kuwa raba waya yake so, don haka ko a canza shi ko a sa rile. Wannan aikin na kai wa mai gyaran wayar mota, ban yi kasada ba.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Man da muke ƙonawa ya ragu, a ido ma ana gani. Amma a 'yan shekarun nan litar gas ta sha fin ta fetur tsada a Najeriya, wannan yana cin wani ɓangare na ribar. Ka haɗa kuɗin inji da walda da batir da waya, ka raba da abin da kake ragewa a rana, sai ka ga kwana nawa za ka yi kafin kuɗinka ya dawo. In injinka na fetur lafiyarsa ƙalau, kuma sau biyu kake tayar da shi a mako, ban ba ka shawarar taɓa shi ba. Namu ya riga ya mutu, kuma kullum tana kan aiki, shi ya sa lissafin ya fita.

Kawu har yau yana ƙorafin ƙararta, wai tana hana shi jin rediyo. Amma shi ne ke riga kowa hawa da safe. Sai mun haɗu a shiri na gaba.