Kafin ka kira masu goge-goge, san sunan aikin da kake nema

A kwanakin nan da wuya ka yi nisa a Instagram ko WhatsApp ba ka ci karo da tallar kamfanin share-share da goge-goge ba. A Abuja sun daɗe da zama ruwan dare, yanzu kuma ga su nan a Kano da Kaduna, da yawansu ma matasa ne irinmu suka kafa. Masu kiransu ma mu ne: angon da ke son a gyara gida kafin dangin amarya su zo jere, ɗan bautar ƙasa da ya kama ɗaki, ma'aikaciyar da ba ta dawowa gida sai magariba.

Inda ake samun saɓani shi ne wajen suna. Kai ka ce "a share min gida tas", su kuma suna da sunaye na Turanci da suka raba aikin da su, kowane da iyakarsa da kuɗinsa. Idan ka biya kuɗin wani kana tsammanin wani, to ranar aiki za a yi ta sa-in-sa a tsakar gida.

Mafi araha shi ne wanda suke kira regula, wato sharar yau da kullum. Za a share, a goge ƙasa, a kakkaɓe ƙurar saman tebur, a wanke banɗaki, a fitar da shara. Shi ke nan fa. Ba za a ja kujera a leƙa bayanta ba, ba za a buɗe firji ba. An yi shi ne don gidan da dama ana kula da shi.

Abin da yawancinmu ke nufi idan mun ce "tas" shi ne dif kilinin, goge-goge mai zurfi. Nan ne ake hawa a goge fanka, a wanke ragar taga, a kankare maiƙon da ya daskare a bangon kicin, a bi layin da ke tsakanin tayil da buroshi, a ja gado da firji a share bayansu. Duk wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a saman labule ya san dalilin da ya sa wannan ke cin yini guda, kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Amma ko a nan kada ka ɗauka komai ya shiga. Wankin kujerun falo, kafet da katifa galibi lissafinsu daban, don na'ura ake kawowa, kujeru ma da yawan mazauninsu ake ƙirgawa. Cikin firji da cikin kabad, wani kamfani ya haɗa, wani ya ce sai an ƙara. Tambaya za ka yi ɗaya bayan ɗaya.

Ango, wannan naka ne. Idan sabon gini ne ko an yi fenti, sunan aikin fos-konstrakshan, sharar bayan gini. Ana kankare siminti da ɗigon fenti daga tayil da gilashi, a cire takardun da ke manne a tagogi, a kwashe farar ƙurar silin. Ka tambayi da me za su wanke ƙasan. Wasu asid suke zubawa don aikin ya yi sauri, shi kuwa asid yana cinye ƙyallin mabul da tarazo, yana ɓata famfunan ƙarfe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Sannan kwashe ɓaraguzan gini zuwa bola ba lallai yana cikin kuɗin ba.

Akwai kuma muf-in da muf-awut, sharar shiga gida da ta tashi, ana yin su gida babu kaya. Ta tashin tana da amfani idan ka ajiye wa mai gida kuɗin kariyar ɓarna kana son a dawo maka da su cif.

Fumigeshan kuwa feshin ƙwari ne, na kyankyasai, kuɗin cizo, gara da sauro. Aiki ne mai zaman kansa, kuma a ganina nan ya fi kamata ka tsananta tambaya, don maganar rai ce. Wane magani za a fesa? Awa nawa za a yi kafin a shiga? Abinci da kwanuka fa, a fitar ko a rufe? A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna, domin maganin gona ne mai guba, amma har yau akwai masu fesa irinsa a ɗakin kwana. Idan akwai jariri, mai ciki ko mai asma a gidan, faɗa musu tun kafin su zo. Mai feshin da ya kasa gaya maka sunan maganinsa, ni dai ban ga dalilin barinsa ya shigo ba.

Sai maganar kuɗi. Yawancinsu jinga suke yi bisa yawan ɗakuna, wasu kuma da awa. In jinga ce, a fayyace ko "ɗaki biyu" ya haɗa da falo, kicin, baranda da tsakar gida. Wasu sai sun zo sun ga gidan kafin su yanke farashi, shi ne insfekshan, to ka ji ko kyauta ne ko akwai kuɗin mota. Idan sun ce da kayan aiki, ma'ana sabulu da sinadarai da tsumma nasu ne. Ruwa da wuta fa? Wannan shi mutane ke mantawa. Gidan da famfo ba ya kawo ruwa, wa zai biya 'yan garuwa? In babu wuta kuma na'urar wankin kujera na bukatar janareto, man na wa? Diposit kuwa shi ne kafin alƙalami, wani kaso ne ka bayar, ragowar sai ka zagaya ka duba aikin da idonka.

Da yake baƙi ne za su shiga har uwar ɗaka, nemi sunan da suka yi rajista da shi ka duba a shafin hukumar CAC. Tambayi mutum nawa za su zo, kuma idan gidan matan aure ne kana iya neman a turo mata. A kuma yi maganar wanda zai biya idan an fasa madubi ko talabijin. Duk abin da kuka amince, ka sa su turo maka a rubuce ta WhatsApp, da jerin ayyukan, da farashi, da ranar zuwa, kafin ka tura ko sisi.