Fatsa A Gulbin Sakkwato Lokacin Ɗari, Da Nasiha Ga Malamai Da 'Yan Kasuwa

 Ga shi ɗari ya kankama, hazo ya lulluɓe Dutsen Kwatarkwashi, har mai tafiya daga Tsafe zuwa Gusau ba ya hango kansa sosai sai rana ta ɗaga. An kai dawa rumbu, auduga ta tafi kasuwa, hannun manomi ya sami sauƙi. A irin wannan lokaci ne za ka ga mutum da hantsi ya saɓa siririyar gora, yana riƙe da ɗan gwangwanin tana, ya nufi bakin gulbi. Wannan ita ce fatsa, watau kamun kifi da ƙugiya ɗaya da zare ɗaya. A kanta mu ke so mu yi magana yau, domin ko da ya ke ƙaramin abu ce a ido, akwai babban al'amari a ƙarƙashinta.

Da farko sai mu san halin ruwanmu. Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa ta ƙasar Katsina, ya ratsa ta Gusau, ya wuce ta Bunguɗu, ya faɗa madatsar Bakolori da aka gama ginawa a 1978 kusa da Talatar Mafara. Daga nan ya gamu da Gulbin Rima a Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kabi, kana ya shiga Kogin Kwara. Amma a nan wajenmu gulbin na damina ne. Cikin Agusta ya kan cika ya batse, ya malala cikin fadamu. Da ruwan sama ya ɗauke cikin Oktoba sai ya riƙa janyewa, har ya zama rairayi ne shimfiɗe, sai wuraren da su ke da zurfi ne ruwa ke kwanciya nan da can. Ruwan da ya fi daɗewa shi ne na madatsar Gusau, wadda gari ke sha daga gare ta, ita ce kuma ta ɓalle a ƙarshen Satumba na 2006 aka yi hasarar rayuka da gidaje. Ƙasar Tsafe kuwa ta duwatsu ce da ƙoramu, saboda haka fatsar mutanenta ta fi yawa a tabkuna da kududdufai.

To, kifi da damina ya ke hayayyafa. Sa'ad da ruwa ya hau fadama, iyaye su kan bi shi su zuba ƙwai cikin ciyawa, 'ya'yan su tashi a nan inda abinci ke da yawa. In ruwa ya janye, manya da ƙanana duka sai su taru cikin ragowar ruwan nan mai zurfi, su zauna har wata damina. Ashe ke nan kowane tabki da ka gani cikin Janairu rumbun iri ne. Abin da ya saura a cikinsa ran da ruwan fari ya sauka, shi ne zai cika gulbi baɗi.

Kifayen da mai fatsa ya fi gamuwa da su a nan su ne tarwaɗa, da ƙarfasa, da kurungu mai ƙaya. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska kai tsaye, don haka ta kan jure ruwan da ya zama taɓo, inda wani kifi zai mutu. Gaiwa ta fi ta dabara, gama ita ta kan nutse cikin laka ta naɗe jikinta, ta kwana watanni a ƙarƙashin busasshiyar ƙasa har ruwa ya dawo. Akwai kuma minjirya, wadda in ka taɓa ta za ta girgiza ka har kafaɗa. Giwan ruwa kuwa na babban ruwa ne, sai can yamma wajen Argungu da Yawuri a ke ganin manyansa. Kifin fadama ba ya gasa da na gulbi.

Mai zuwa fatsa da ɗari ya kamata ya san abu guda. Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa, jikinsa yana bin sanyin ruwa ne. In ruwa ya yi sanyi sai ya yi nauyi, cinsa ya ragu. Ƙarfasa musamman ta kan rage cin abinci da zarar ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20. Shi ya sa wanda ya yi sammako da asuba cikin hunturu ya kan sha sanyi a banza. Gara ya bari sai hantsi ya dubi ludayi, rana ta ɗan gasa ruwa, ya zauna har la'asar. Ya nemi gefen da ke fake daga iska, inda saiwar itace ta shiga ruwa ko gindin dutse, ya sa tana a bakin ƙugiya, ya ɗaura guntun kara a jikin zare don ya nuna masa in kifi ya taɓa. Saura sai haƙuri da kame baki. Ya kuma tsaya a kan gaɓa, kada ya riƙa kutsawa cikin ruwan da ke kwance, domin a irinsa ne a ke ɗaukar tsargiya.

Wani zai ce, shin ya dace da mutum kamili ya ɓata yini a bakin ruwa? Malamanmu sun fi mu sanin cewa kifi halal ne ba tare da yanka ba. Sun kuma san abin da mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya kawo a babin farauta, inda ya rarrabe tsakanin farautar da a ke yi don wasa kawai, wadda ya ce makaruhi ce, da wadda ba don wasa ba, wadda ya ce an halatta ta. Saboda haka wanda ya fita don ya huta da hayaniyar kasuwa, ya kuma komo da abin miya ga iyalinsa ko ya ba maƙwabci, bai yi wasa da rai ba. Wanda ya kama ya zubar a rairayi ya bari ya ruɓe, shi ne ya shiga inda ba a so.

Ba mu kaɗai ke wannan fita ba. A Rasha da Kanada, inda tabkuna ke daskarewa da sanyi, mutane su kan huda ƙanƙara su zura zare ta ramin, su zauna a kai yini guda. A Ingila kuwa mai fatsa sai ya yanki lasin, kuma daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kama yawancin kifayen kogunansu, don lokacin nan ne su ke zuba ƙwai. Da yawansu ma in sun kama sai su auna su mai da shi ruwa. Ba mu ce a kwaikwayi wannan na ƙarshe ba, gama mu muna da bukatar miya. Amma rufe ruwa na wani lokaci ba baƙon abu ba ne gare mu.

Ku dubi Argungu, wadda gulbinmu ɗin nan ne ke gangarawa ta ƙofarta. Bukin su na can ya samo asalin girmansa ne daga 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi, aka yi su don girmama shi bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Dubban masunta su kan faɗa ruwan Matan Fada da koma da gora, kuma a 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bukin cikin jerin al'adun duniya da a ke kiyayewa. To, me ya sa a ke samun irin wannan kifi a Matan Fada? Don an hana su a wurin sauran kwanakin shekara, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaro. Haka al'adar ƙasar Hausa ta ke tun da: tabki yana da mai shi, ba a faɗa masa sai ran da aka buɗe, kowa ya shiga tare, a fita tare.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, wannan al'ada ta yi rauni, an sami hanyoyin kamu waɗanda ba su barin kome. Ta farko ita ce guba. Tun da can akwai masu daka majimfa su zuba a ruwa, amma da maganin ƙwari irin su Gamalin ya shigo sai ɓarnar ta ninka, alhali kuwa sinadarin da ke cikinsa yana cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a 2009 a daina amfani da su a gona. Kwalba guda ta kan kashe tabki ɗungum, da iyaye da 'ya'ya, ruwan kuma shi ne shanu ke sha, shi ne a ke ɗiba a yi ban ruwan lambu. Ta biyu ita ce gidan sauro, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, wasu suka mai da shi taru. Idonsa ƙanana ne ƙwarai, ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba ba ya tsira. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, amma doka ba ta kwana a bakin tabki. Mutanen gari ne ke kwana kusa da shi.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin inda kifi ke fitowa yanzu. Banda daga Yawuri ta ke zuwa, ko daga Tabkin Cadi, wanda a wajen 1963 ya kai murabba'in kilomita 25,000, fari ya zo ya cinye mafi yawansa. Kifin ƙanƙara kuma daga teku ya ke, jiragen ruwa ke kawo shi Ikko daga ƙasashe irin su Holan da Norwe, kana mota ta hauro da shi har Gusau, kowane zango da kuɗinsa. Ɗan abin da gulbinmu ke bayarwa shi ne kaɗai wanda talaka zai samu ba da kuɗin mota ba. In ya ƙare, ba Bature zai ji ba, mai tuwo ba miya ne zai ji.

Saboda haka roƙonmu kashi uku ne. Ga malamai, muna roƙo ku sa wannan magana cikin wa'azi da karatun zaure, ku bayyana wa jama'a cewa zuba guba a ruwan da mutane da dabbobi ke sha cuta ce, halaccin kifi kuma bai halatta ɓarna ba. Ga 'yan kasuwa, in an kawo muku kifi tuli guda daga ƙaramin tabki, kowane iri a gauraye har da 'yan mitsi-mitsi, ku bincika yadda aka kama shi kafin ku saya. In mai guba ya rasa mai saye sau biyu, ba zai koma na uku ba. Ga hakimai da dagatai da sarakunan ruwa, a raya al'adar rufe tabki, a sa ranar buɗewa, a sanar a kasuwa da masallaci.

Kai kuma mai fatsa, ka ɗauki abin da zai ishi tukunyarka, ƙanana ka mai da su. Ka kuma lura da zamani. Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da kewayen Gusau, don haka kada ka yi nisa da gari, kada ka tafi kai kaɗai, ka faɗa wa iyali inda ka nufa, ka komo gida tun rana ba ta faɗi ba. Ba kifin da ya kai ran mutum.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kawo damina mai albarka. Haza wasalam.